Tsofaffin takubba a ƙasar Daura

Tsofaffin takubba a ƙasar Daura su ne takubban da aka gada a fadar Sarkin Daura da gidajen sarauta na masarautar, har da Zango da Baure, a Jihar Katsina. Wasunsu kayan sarauta ne da ba a sayarwa, wasu kuma kayan gado ne da ake fitowa da su ranar hawan sallah. Tantance shekarun irin wannan takobi yana da wuya, domin sau da yawa ruwansa da ƙotarsa da kubensa ba zamani ɗaya aka yi su ba, ba kuma a ƙasa ɗaya ba.

Suna

Jam'in takobi shi ne takubba. Kalmar ta yi kama ƙwarai da takoba ta harshen Abzinawa, kuma siffar makamin ma ɗaya ce a wurin al'ummomin biyu: miƙaƙƙen ruwa mai kaifi biyu, da ƙarfen kare hannu da ya gitta tsakanin ruwa da ƙota. Ana kuma ce masa kansakali. Igiyar da ake rataya shi da ita a kafaɗa sunanta hamila.

Tarihi

Mafi shahara shi ne takobin da ake jinginawa ga Bayajidda, wanda ke ajiye a fadar Daura. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi. A Katsina ma akwai Gajere, wanda ake cewa da shi Korau ya kashe Sanau. Darajar waɗannan biyu tana ga labarin da ke tare da su, ba ga kuɗin ƙarfensu ba.

Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Malam Ishaku ya karɓi birnin Daura, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma suka zauna a Zango. Sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura. M. G. Smith ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Saboda haka mai bin sawun takobin wani gidan sarauta dole ya tambayi inda gidan ya zauna a cikin waɗannan shekaru kusan ɗari.

Yadda ake tantancewa

Ana fara duba ruwan takobi. Da yawa daga cikin masu kyau daga Turai aka kawo su ta hamada. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000, ya kuma ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne ta ƙasar Jamus. A Kano ake sa musu ƙota. Alamomin da aka fi gani a jikinsu su ne jinjirin wata guda biyu, da hoton kyarkeci mai gudu wanda asalinsa tambarin maƙeran Passau ne. Amma tambari kaɗai ba hujja ba ne: maƙeran gida sun riƙa kwaikwayon waɗannan alamomi, tun da masu saye suna son su. Ana haɗawa da duba kyawun ƙarfen, da miƙewar kwarin da ke tsakiyar ruwan, da yadda wasawa ta cinye tsininsa.

Ƙota da kube kuwa aikin gida ne, na maƙeran fari da dukawa. Fata tana tsufa, sai a sake ta, don haka sabon kube bai nuna takobin sabo ba ne. Haka ma rubutun Larabci a jikin ƙarfe, ana iya ƙara shi daga baya. Binciken da aka fi ambata kan makaman fadojin Arewa shi ne Nigerian Panoply na A. D. H. Bivar, wanda ya fito a 1964.

A Japan abin ya fi sauƙi, domin maƙeri kan sa sunansa a gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, kuma ƙungiyar NBTHK da aka kafa a 1948 tana ba da takardar shaida bayan ta duba takobi. A can ba a goge tsatsar wannan gindi, don tana taimakawa wajen gane shekaru. Wannan darasi ne mai amfani a nan, inda ake goge takobi har ya yi ƙyalli kafin hawa, wani lokaci a shafe tambarinsa gaba ɗaya.

Doka

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana saye ko sayar da su sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma ba a fitar da su daga Najeriya sai da izini. Sababbin takubban ado da ake sayarwa a kasuwar Kurmi ta Kano ba su shiga wannan hani ba.