Nelson da Shugabannin Jiragensa: Darasi ga Masu Riƙon Ma'aikatu

Ran 21 ga Oktoba, 1805, jiragen ruwan yaƙi 27 na Ingila suka kara da 33 na Faransa da Sifen a Tarafalga, kusa da gaɓar kudancin Sifen. Kafin faɗuwar rana abokan gāba sun yi hasarar jirage 18, Ingila kuwa ko ɗaya ba ta rasa ba. Abin lura shi ne, kwamandan Ingila, Horatio Nelson, an harbe shi tun yaƙi bai yi nisa ba, aka sauka da shi can ƙasan jirginsa mai suna Victory, inda ya cika da la'asar. Watau an ci mafi yawan yaƙin nan ne shugaba na kwance, ba ya iya ba da umurni. Yadda haka ta yiwu shi ne abin da ya kamata manajoji da manyan ma'aikatan gwamnati su duba.

Sai an san al'adar da Nelson ya tarar kafin a gane abin da ya sāke. A ƙarni na 18 dokar yaƙin ruwa ta Ingila ta ce jirage su jeru layi ɗaya, kwamanda na ba da umurni ta hanyar ɗaga tutoci. To, da zarar igwa ta fara tashi hayaƙi yakan rufe teku, tuta ba ta ganuwa. A yaƙin Tulon na 1744, kwamanda Mathews ya afka wa abokan gāba tun layinsa bai daidaita ba, mataimakinsa Lestock kuwa ya noƙe a baya, ya fake da cewa tutocin da aka ɗaga sun saɓa wa juna. Da aka zauna shari'a sai aka wanke Lestock, aka kori Mathews daga aiki. Hafsoshi suka ɗauki darasi: wanda ya manne wa ƙa'ida ya tsira da aikinsa, ko da an yi hasarar yaƙi.

Nelson, wanda aka haifa cikin 1758, ya shiga aikin ruwa yana ɗan shekara 12. Ya rasa ganin idonsa na dama cikin 1794, aka yanke masa hannun dama cikin 1797. Saboda daɗewarsa a fagen fama ya tabbata cewa babu shugaban da zai iya ganin kome, balle ya hukunta kome. Maganin da ya samo mai sauƙin faɗi ne: ya bayyana wa shugabannin jiragensa nufinsa tun kafin a haɗu da maƙiyi, sa'an nan ya sakar musu mara su zaɓi hanyar cim masa.

An ga amfanin wannan a Masar ran 1 ga Agusta, 1798. Rundunar da ta kawo Nafoliyon ta jera manyan jiragenta 13 a Abukir, gabas da Iskandariya, tana zaton ba jirgin da zai iya bi tsakaninta da tudu. Kyaftin Foley na jirgin Goliath, wanda ke kan gaba, ya hango akwai hanya, ya kutsa ba tare da jiran tuta ba. Waɗansu suka bi shi, aka sa Faransawa a tsakiya. Cikin jiragen nan 13, biyu kaɗai suka tsere. Foley bai tsaya neman izini ba domin ya riga ya san abin da maigidansa ke so, ya kuma san ba za a tsire shi ba in ya yi amfani da hankalinsa.

Haka Nelson ya sāke yi kafin Tarafalga. Ƙarshen Satumba ya tara shugabannin jirage a Victory, suka ci abinci tare, ya zayyana musu dabararsa: a kasa runduna biyu, a ratsa layin maƙiyi, a yi ta gaba da gaba. Ran 9 ga Oktoba ya rubuta musu wannan a takarda. Ya damƙa wa mataimakinsa Collingwood cikakken iko a kan kashi na biyu, ya kuma shaida musu cewa in tuta ta ƙi ganuwa, duk kyaftin ɗin da ya matsa jirginsa jikin na abokin gāba bai yi babban kuskure ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin Nelson na shugaba ya kusa kammala tun mako biyu kafin a harba igwa ta fari.

Manajan yau yana iya cirar abu uku daga nan. Na farko, ma'aikaci ya san dalilin aiki, ba matakansa kaɗai ba, domin ranar da abin da ba a zata ba ya auku, dalili ne zai yi masa jagora. Na biyu, iko ya tafi tare da nauyi. Ofishin da fayil ke kwana wata guda a kan tebur, ana cewa sai maigida ya dawo daga rangadi, ofishi ne mai kama da runduna da ke jiran tuta cikin hayaƙi. Na uku, kuma shi ya fi wuya, a duba wa ake saka wa, wa ake hukuntawa. In mai ƙoƙari ya yi tuntuɓe aka ba shi takardar tuhuma, mai naɗe hannu kuwa aka ƙara masa girma, to an maimaita shari'ar Tulon, kuma kowa zai koyi halin Lestock.

Amma akwai sharaɗi. Mutanen da Nelson ya amince wa ƙwararru ne, sun shekara da shekaru a teku suna horo, alhali jiragen Faransa da Sifen sun daɗe a tsare cikin tashoshi. Sakar wa wanda ba a horar ba ragama sakaci ne, don haka horarwa ita ce gaba da wakiltawa.

Bugu da ƙari, gwanintar Nelson ba ta wanke shi daga aibu ba. Cikin 1799 a Nefuls ya sa hannu aka rataye kwamanda Caracciolo bayan shari'ar gaggawa, kuma cikin wata wasiƙa ta 1805 ya goyi bayan masu gandayen bayi na tsibiran Karibiyan, ya soki Wilberforce mai fafutukar hana cinikin bayi. Ɗalibin tarihi, musamman ɗan Afirka, bai kamata ya kau da kai daga wannan ba. Abin ɗauka daga gare shi dabarar tafiyar da mutane ce. Ma'aunin kuwa a fili yake ga kowane shugaban ma'aikata: ya duba yadda aikin ofishinsa ke gudana a makon da ba ya nan.