Alkawarin Ibrahim da Zuriyar Annabci: Tarihin Saɓani Tsakanin Musulmi da Kirista

Alkawarin Ibrahim shi ne ɗaurin da Allah ya yi da Annabi Ibrahim (AS) game da zuriyarsa, da albarkar da za ta biyo ta, da annabcin da zai fito daga cikinta. Yahudawa da Kirista da Musulmi sun haɗu a kan cewa an yi alkawarin. Inda suka rabu shi ne wanda ya gaje shi, da hanyar gadon. Littattafan wa'azi na ɓangarorin biyu sukan kawo maganar kamar tun farko layi biyu ne a miƙe: Musulmi na Isma'il, Kirista na Is'haƙ. Tsofaffin littattafai ba su nuna haka ba, shi ya sa aka bi tarihin a nan daki-daki.

Abin da nassoshi suka ƙunsa

Littafin Farawa ya kawo alkawarin a surori na 12, 15 da 17. Ya ce Ibrahim yana da shekara 86 Hajara ta haifa masa Isma'il, yana da 99 aka ba shi kaciya a matsayin alamar alkawari, aka yi wa Isma'il yana ɗan shekara 13, sannan Saratu ta haifi Is'haƙ Ibrahim yana da 100. Sura ta 17 ta yi wa Isma'il albarkar yawan zuriya da sarakuna 12, amma ta ce za a tabbatar da alkawarin ta wajen Is'haƙ. Sura ta 22 ta ambaci Is'haƙ da suna a matsayin wanda aka umarci a yi hadaya da shi a ƙasar Moriya. A sura ta 25 'yan'uwan biyu sun haɗu sun binne mahaifinsu.

Alƙur'ani ya ɗauko zancen ta wata fuska. A Baƙara aya ta 124 an naɗa Ibrahim shugaba ga mutane, da ya roƙa wa zuriyarsa sai aka sanar da shi cewa alkawarin ba zai kai ga azzalumai ba. Ayoyin da suka biyo sun nuna shi da Isma'il suna ɗaga harsashin Ka'aba, suna roƙon a aiko manzo daga cikin zuriyarsu. Ankabut 27 ta sanya annabci da Littafi a cikin zuriyarsa, Ali Imrana 67 kuma ta ce shi ba Bayahude ba ne, ba Banasare ba ne. Sunan Hajara bai zo a Alƙur'ani ba. Labarinta da na Zamzam da kabilar Jurhum ya zo ne a dogon hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihul Bukhari.

Matsayin Kirista kafin Musulunci

Jayayyar Kirista ta farko a kan alkawarin da Yahudawa suka yi ta. Matiyu ya buɗe Linjilarsa da salsalar Yesu Almasihu, ya kai ta ga Dawuda da Ibrahim ta hanyar Is'haƙ da Yakubu. Manzo Bulus, a tsakiyar ƙarni na 1, ya kafa hujjar da ta zama ginshiƙi: an karɓi Ibrahim saboda bangaskiyarsa tun bai yi kaciya ba, saboda haka duk mai bangaskiya ɗansa ne. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa sura ta 4 ya ɗauki Hajara da Saratu a matsayin misalin alkawari biyu, na Shari'a da na 'yanci. Abin lura shi ne, waɗanda ya jingina wa Hajara a wannan misali masu riƙo da Shari'ar Musa ne, ba Larabawa yake nufi ba. Daga baya malaman coci irin su Origen da Agustin suka fassara Is'haƙ da ya ɗauki itacen hadaya a matsayin ishara ga Almasihu da gicciye.

Danganta Larabawa da Isma'il kuwa ya girmi Musulunci nesa. Masanin tarihin Yahudawa Yusufus, wajen shekara ta 93, ya rubuta cewa Larabawa daga Isma'il suka fito, kuma suna kaciya a shekara 13 saboda shi. Sozomen, marubucin tarihin coci a ƙarni na 5, ya maimaita wannan nasaba, ya ƙara da cewa suna ƙyamar naman alade.

Haɗuwar farko, ƙarni na 7 zuwa na 9

Da Musulmi suka ci Sham da Iraƙi da Masar, Kiristocin waɗannan ƙasashe sun kira su da sunayen da suka riga suka sani: 'ya'yan Isma'il, 'ya'yan Hajara. Tarihin Armeniya da ake jingina wa Sebeos, wanda aka rubuta wajen 660, ya bayyana Annabi Muhammadu (SAW) a matsayin ɗan kasuwa da ya koya wa mutanensa sanin Allahn Ibrahim. Yohanna na Dimashƙa, wanda ya rasu wajen 749, ya saka addinin Isma'ilawa cikin jerin bidi'o'in da ya lissafa. Duka biyun sun yarda da nasabar. Annabcin ne Yohanna ya ƙi.

Muhawara mafi shahara ita ce wadda aka yi a Bagadaza tsakanin Halifa Mahdi da Timoti na ɗaya, shugaban Cocin Gabas. An fi ba da shekarar 781, wasu masu bincike kuma suna cewa 782. Batun annabi mai kama da Musa, wanda Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta ce za a tayar daga cikin 'yan'uwan Isra'ilawa, yana cikin abin da suka tattauna. Musulmi sun ce 'yan'uwan Isra'ila su ne 'ya'yan Isma'il. Timoti ya ce kabilun Isra'ila ne da kansu ake nufi. Kirista sun riga sun jingina ayar ga Yesu tun a Ayyukan Manzanni sura ta 3, ta bakin Bitrus. Duk da haka Timoti ya yaba wa Annabi da cewa ya bi tafarkin annabawa wajen kira ga Allah ɗaya.

Wajen 855, a zamanin Halifa Mutawakkil, likita Ali ibn Rabban al-Ɗabari, wanda ya musulunta daga Kiristanci, ya rubuta Kitabud Dini wad Daula. Ya tattara ayoyin Attaura da na annabawa da suka ambaci Hajara da Isma'il da Faran da Kedar, ya karanta su a matsayin bushara da Annabi Muhammadu (SAW). Da yawa daga cikin hujjojin da masu muhawara ke yawo da su har yau suna cikin wannan littafi.

A wannan zamani ne kuma malaman nasaba suka tsara salsalar Annabi. Ibn Is'haƙ (ya rasu 767) da Ibn Hisham (833) sun kai ta ga Adnan, daga nan zuwa Isma'il. Daga Annabi zuwa Adnan babu saɓani. Tsakanin Adnan da Isma'il kuwa an saɓa a sunaye da adadinsu, har malamai da yawa suka zaɓi tsayawa a Adnan. Asalin nasabar yana da madogara a Sahihu Muslim, a hadisin zaɓen Kinana daga 'ya'yan Isma'il, da Ƙuraishawa daga Kinana. Siyasa ma ta shigo ciki: 'yan Shu'ubiyya, masu ƙin fifikon Larabawa, sun riƙa yi musu gorin cewa kakarsu baiwa ce, Ibn Ƙutaiba (889) kuma ya mayar musu da martani.

Wane ɗa aka umarci a yanka?

Wannan ita ce mas'alar da aka fi kuskuren tarihinta. Suratus Saffat, daga aya ta 100 zuwa 113, ta kawo mafarkin Ibrahim da miƙa wuyan ɗansa da fansarsa, ba ta faɗi sunan yaron ba. Magabata sun rabu biyu, har an ruwaito ra'ayoyin biyu daga Ibn Abbas. Muƙatil ibn Sulaiman (767), ɗaya daga cikin masu tafsiri na farko, ya ce Is'haƙ ne. Ibn Ƙutaiba, duk da kare Larabawa da ya yi, shi ma ya tafi a kan haka. Ibn Jarir al-Ɗabari (923) ya jero ruwayoyin ɓangarorin biyu a tafsirinsa da tarihinsa, sannan ya rinjayar da Is'haƙ. Hujjarsa ita ce, Ibrahim ya roƙi ɗa na gari ne lokacin da yake barin mutanensa, kafin ya san Hajara, kuma sauran wuraren da Alƙur'ani ya ambaci busharar ɗa gare shi Is'haƙ suke nufi. Ƙurɗubi (1273) ya karkata ga wannan ra'ayi. Mai bincike Reuven Firestone, a littafinsa na 1990, ya ƙirga ruwayoyi 130 na Is'haƙ da 133 na Isma'il.

Masu cewa Isma'il suna da hujjoji huɗu masu ƙarfi. Na ɗaya, busharar Is'haƙ ta zo a aya ta 112, bayan an gama labarin yanka, wanda ke nuna yaron farko wani ne daban. Na biyu, Hudu 71 ta yi busharar Is'haƙ tare da Yaƙub a bayansa, to yaya za a ce a yanka wanda aka riga aka yi alkawarin zai haihu? An ruwaito cewa Muhammad ibn Ka'ab al-Ƙurazi ya kawo wa Halifa Umar ibn Abdul'aziz (717 zuwa 720) irin wannan hujja. Na uku, yankan hadaya a Mina ake yinsa, kuma an ruwaito ƙahonin ragon suna rataye a Ka'aba har gobarar zamanin Ibn Zubair a 683. Na huɗu, Attaura ta siffanta yaron da ɗa tilo, Isma'il ne kuwa ya shekara 14 yana tilo. Amsar Kirista a kan ta ƙarshe ita ce, an riga an sallami Isma'il da mahaifiyarsa a sura ta 21 ta Littafin Farawa, kuma tilon ɗan alkawari ake nufi. Wasiƙar Ibraniyawa sura ta 11 da ta Yakubu sura ta 2 duk sun ambaci Is'haƙ.

Ƙarni na 14 ne ya karya ƙashin bayan ra'ayin Is'haƙ a tsakanin Musulmi. Ibn Taimiyya (1328) ya tsaya a kan Isma'il. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim (1350) ya ce a Zadul Ma'ad ɗaya ra'ayin ɓatacce ne ta fuska fiye da 20. Ibn Kasir (1373) ya mayar da asalinsa ga labaran Ka'abul Ahbar, Bayahuden da ya musulunta. Duk da haka saɓanin bai gushe daga littattafai ba. Tafsirin Jalalaini na ƙarni na 15, wanda malaman ƙasar Hausa ke ja a watan azumi, ya ambaci sunayen biyu a matsayin zance biyu. Suyuɗi (1505) ya ware wa mas'alar risala guda mai suna Al-Ƙaulul Fasih.

Zamanin baya-bayan nan

Zuwan 'yan mishan ya sake tayar da tsofaffin hujjoji. An yi muhawarar Agra a 1854 tsakanin Karl Pfander da Rahmatullah Kairanawi, wanda ya fitar da Izharul Haƙƙi a 1864. Hamiduddin Farahi (1930) ya rubuta littafi sukutum a kan cewa Isma'il ne. Ƙasidu da kaset-kaset na Ahmed Deedat (2005) suka yaɗa zancen har arewacin Najeriya, inda cikakken Littafi Mai Tsarki ya samu da Hausa tun 1932. A ɗaya ɓangaren, taron Vatican na biyu, a takardunsa na 1964 da 1965, ya ambaci riƙon Musulmi da bangaskiyar Ibrahim cikin girmamawa, Paparoma Francis kuma ya ziyarci Ur a Iraƙi a Maris 2021.

Hukunci

A yau jumhurin Musulmi suna kan Isma'il, Kirista gaba ɗaya suna kan Is'haƙ. Sai dai saɓani na haƙiƙa yana wani wuri: Kirista na ganin alkawarin ya cika a kan Almasihu, Musulmi na ganin annabci ya bi rassan biyu har aka rufe shi da Annabi Muhammadu (SAW). Babu Musulmin da imaninsa zai inganta yana ƙin Is'haƙ, kuma Littafin Farawa da kansa ya shaida albarkar Isma'il. Nassoshin ɓangarorin biyu sun hana dogaro da jini kaɗai, Baƙara ta fitar da azzalumi daga alkawari, Bulus ya ɗora gadon a kan bangaskiya. Mai wa'azin da zai taɓo wannan batu, a masallaci ko a coci, ya kamata ya san cewa manyan malamai irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun saɓa a kansa ba tare da wani ya fitar da wani daga addini ba.