Jar Fitila a Akwatin Intanet: Tarihin Hanyar Sadarwa Zuwa Tignère

Na'urar nan da ke rarraba intanet a cikin gida, wadda wasu ke kira rauta, baƙuwa ce a Tignère, babban garin gundumar Faro-et-Déo a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru. Idan fitilarta ta yi ja, abin da mai gida ya fi gaggawar yi shi ne ya nemi tsinke ya danna ɗan ramin da ke bayanta, wanda ke mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Sau da yawa gyaran gangar auzinawa ke nan, domin cutar ba a cikin akwatin take ba. Sanin hanyar da intanet ta biyo kafin ta hau tsaunukan Adamawa shi ke nuna inda ya kamata a fara bincike.

A shekarar 1997 intanet ta shiga Kamaru, ta hannun kamfanin gwamnati na Intelcam, wanda aka haɗe da sashen sadarwa na ma'aikatar gidan waya a 1998 aka kafa Camtel. A 2002 wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta fara aiki, tana da tasha a Duwala. Duk wannan labarin kudu ne. Arewa kuwa albarkacin man fetur ta fara ci: bututun da ya taso daga yankin Doba a Chadi zuwa Kiribi a bakin teku, mai tsawon kilomita 1,070, an kammala shi a 2003, kuma an binne wayar zaren gilashi a gefensa. Daga baya kamfanin Huawei, da bashin ƙasar Sin, ya shimfiɗa babbar hanyar ƙasa da ta ratsa Ngaundare da Garwa har Marwa.

Sai dai babbar waya ba ta shiga gida gida. Garuruwan da ke nesa da babban titi, irin su Tignère, ba su taɓa sabawa da tarhon gida ba, saboda haka intanet ta iso musu ne ta turakun wayar salula. Nexttel ya fara aiki da fasahar 3G a watan Satumba na 2014, MTN da Orange kuma suka sami irin wannan lasisi a 2015. Shi ya sa rautar wannan yanki da layin waya take aiki, kuma a nan mafi yawan rikicin saiti yake.

Kowane kamfani yana da sunan ƙofarsa, wato APN, wanda dole ya dace da layin da ke cikin akwatin. Ana duba shi ne ta shafin saitin na'urar, wanda adireshinsa kan fara da 192.168, lambobin da aka ware wa hanyoyin cikin gida tun shekarun 1990. Danna ramin nan na baya yana goge sunan wayifai da kalmar sirri da duk APN ɗin da aka rubuta da hannu. Mai akwatin da a da yake jiran rezo ya dawo kawai, yanzu ya ƙara wa kansa aikin neman mai gyara. (Ɗalibi ya lura: abin da Bahaushen Nijar da Kamaru ke kira rezo, daga Faransanci, shi Bakano ke kira sabis.)

Iyaka ma tana da nata rabon. Faro-et-Déo ta yi iyaka da Najeriya, kuma hanyar Konca da fataken Hausa suka bi da goro da tufafi ba ta mutu ba, kayan ne suka sauya. Akwatin da aka sayo a kasuwar Yola yana iya zuwa a kulle da layin kamfanin Najeriya, ko ɗauke da saitinsa. Kamannin suna na ruɗar mutane, alhali MTN na Najeriya daban, na Kamaru daban. A ganina wannan ita ce matsalar da ta fi cancantar a kira ta saiti, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Sai batun wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai kusa da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci. Akwati na iya kasancewa a kunne da batir ko hasken rana, amma turken da yake saurara ya mutu.

Wani lokaci kuma cutar tana can cikin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta raunana a ƙasashe da dama har da Kamaru. A ranar babu saitin da zai amfani mai akwati a Tignère ko Garwa, sai da kamfanoni suka karkata zuwa wasu wayoyin, jiragen gyara kuma suka ɗauki makonni suna aiki a cikin ruwa.