Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Gyaran Babur a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya ratsa kasuwar Talatar Mafara a ranar da take ci, zai ga babura jere a bakin hanya kamar dawakin hawan salla. Galibinsu sababbin yayi ne na Indiya da Sin, masu sheƙi da kwalliyar roba. Amma idan mutum ya kwantar da ido, ba zai rasa hango wani tsoho guda a cikinsu ba: fentin tankinsa ya koɗe, an sake wa sirdinsa fata sau ba adadi, shekarunsa kuma sun ɗara na wanda ke tuƙa shi. Da yawa daga sa'o'insa sun daɗe da shiga hannun 'yan gwangwan, shi kuwa ga shi yana ɗaukar buhun shinkafa. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, a ƙasarmu hannun mai babur ne ke yanke masa tsawon kwana, kuma tarihin yadda muka riƙa gyaransa a zaurukanmu wani reshe ne na tarihin arzikinmu da talaucinmu da tsoronmu.

Daga barga zuwa zaure

Kafin babur, abin hawan mai hali a wannan yanki doki ne, na talaka kuma jaki. Daga baya keke ya shigo, musamman Raleigh, har aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Wannan asali yana da muhimmanci, domin mutanen da suka fara sayen babur sun tashi ne a gidajen da ake kula da dabba safe da yamma: a ba ta ruwa, a share mata turke, a duba ƙafarta kafin a ɗaura sirdi. Wannan tarbiyyar ce suka ɗauko ɗungurungum suka ɗora wa inji.

Abubuwa biyu suka cika ƙasarmu da babura a tsakiyar shekarun 1970. Na farko shi ne ƙarin albashin Udoji. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji a 1974, aka kuma biya ma'aikata ariyas ɗinsu a dunƙule a farkon 1975. Malamin firamare da malamin asibiti da malamin gona suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Na biyu shi ne aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina daga 1974 zuwa 1978. Aikin ya tara leburori da direbobi da makanikai, ya kawo albashin wata inda a da ba a san kuɗi ba sai da kaka. Ya kuma kawo baƙin ciki, domin rigimar diyyar gonaki ta kai ga 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a ƙarshen watan Afrilu na 1980, ranar da har yau dattawan Maradun da Mafara ke ambatonta da sassauta murya.

A wancan zamani naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Vespa ta zama abin hawan alhazai da manyan malamai, Suzuki da Yamaha na samari masu son gudu, Honda kuwa na mai son abin da zai daɗe. Kasuwar ta yi albarkar da kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta Jihar Ogun a 1979. A gidajenmu kuwa, babur ya gaji matsayin doki: a zaure yake kwana, a lulluɓe da tsohon zane, yaro bai isa ya taɓa madubinsa ba.

Injin da aka ƙera don talaka

Ba banza ba waɗannan injuna suka jure. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashe masu tasowa na nahiyar Asiya su ga yadda ake amfani da baburansu. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku ko huɗu, ba a sauya baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a kai shi wurin gyara sai ya ƙi tashi. Daga wannan bincike aka fito da CG125 a 1975, mai sauƙaƙan hanyar motsa bawul da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. An yi shi ne don wanda ba shi da gareji kusa. Haka ma ƙaramin Super Cub da ya fito tun 1958, wanda zuwa 2017 aka ƙera guda miliyan 100.

Sirrin waɗannan babura shi ne komai nasu a fili yake. Wuta daga fulogi, mai daga kafireta, iska daga matata: idan inji ya ƙi tashi, ɗayan ukun nan ne ya saɓa. Da sifana uku, filaya da sukudireba, mai natsuwa zai iya gano laifin a ƙofar gidansa. Abokan gabansa a ƙasarmu ma sanannu ne: ƙurar hunturu, laka da ruwan fadama da damina, sai gurɓataccen fetur.

Lokacin da zaure ya zama gareji

Daɗin bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da fiye da naira uku ake samun dala ɗaya. Sabon babur ya fi ƙarfin albashin malami. Gyaran da a da ado ne da nuna isa, yanzu ya zama tilas.

A wannan zamani na buɗe ido na ga kawuna, wanda hedimasta ne a wani ƙauye na ƙasar Bakura, da Honda CD175 mai silinda biyu da ya saya da kuɗin Udoji. Kowace Asabar da hantsi yakan shimfiɗa tsohon buhu a zaure, ya ɗauko kayan aikinsa daga cikin wani gwangwanin madara. Duk abin da ya kwance sai ya jera shi a faranti daga dama zuwa hagu, domin ya mayar da shi daga hagu zuwa dama. Kafireta yakan wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya hure ƙananan ƙofofinta da famfon keke. Da reza yake auna tazarar bawul. Idan gasket ya yage, sai ya ɗora murfin injin a kan kwalin sukari, ya zana, ya yanka, ya shafe da giris. Baƙin man da ya juye ba ya zubarwa: wani ya shafa wa sarƙa, saura a shafe azara da ƙyauren ƙofa saboda gara.

Wata rana ya miƙo mini fulogi ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan." Na ce, "Kawu, ai babu rubutu a bakinsa." Ya yi murmushi ya ce, "Akwai. In ka ga baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ka ga fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na ƙuna. In ka ga ruwan ƙasa, to lafiya lau yake." Yana da ɗan littafi a aljihun babur ɗin inda yake rubuta ranar da ya sauya baƙin mai, kamar yadda yake cika rajistar ɗalibansa.

Kawuna ba shi kaɗai ba ne. A kowace unguwa akwai irinsa, kuma a kewayensu aka samu sana'o'in da suka riƙe tsofaffin babura: mai faci, mai walda, mai ɗaure sifokin taya, mai ɗinka sirdi, da mai injin da ke rarake silinda a sa fistan mai ɗan girma idan na asali ya cinye. Mataccen babur guda yakan rayar da uku. Abin da aka rasa a Mafara a nemo shi a Gusau ko Sakkwato, in ya faskara a bai wa direba sautu zuwa Kano. A waɗannan shekaru ne kuma kabu-kabu ya yaɗu: ma'aikaci ya tashi daga ofis ya ɗauki fasinja, ko ya ba ƙanensa babur ɗin ya kawo balas da yamma. Babur ya tashi daga alamar girma ya koma gonar da ake ci daga gare ta.

Araha da ta kashe haƙuri

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, mulkin farar hula kuma ya dawo a 1999. A daidai wannan lokaci baburan ƙasar Sin suka malalo, ana shigo da su a kwali ana haɗawa a Nnewi da Legas da Kano. Jincheng, da wanda muke kira roba-roba, suka cika gari, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya karɓe kasuwar ƙauye. Abin sha'awa, injunan Sin da dama kwaikwayon tsarin CG125 ne, wato tsohon ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A tsawon wannan zamani, a nan da sauran sassan Arewa, babur ya zama kyautar siyasa da ake rabawa a filin taro. Alherin wannan araha a bayyane yake: mai naƙuda ta isa asibiti, manomin albasa ya kai kayansa kasuwa da wuri, dubban matasa suka samu abin yi. Sai dai ta tafi da wani abu. Wanda aka ba babur kyauta, ko ya saya da niyyar sayarwa bayan shekara biyu, ba ya buɗe littafin baƙin mai. Kayan gyara suka yi arha har ya zama sauyawa ta fi gyarawa sauƙi. Yaron gareji ya koyi cirewa da sakawa, bai koyi sauraren inji ba. Akwatin wuta na lantarki da ya maye gurbin kwantak ya fi aminci, amma in ya mutu ba a buɗe shi, sai jefarwa. Tsofaffin Honda da Vespa aka tura su bayan rumbu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu.

Babur a zamanin tsoro

Sai kuma ƙarar babur, wadda a da ke sa yara su fito da gudu suna murnar dawowar maigida, ta zama abin da ke sa uwa ta rungume ɗanta cikin dare. 'Yan bindiga sun mayar da shi dokin yaƙinsu. A 2021 kaɗai, an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talatar Mafara ranar 26 ga Fabrairu, aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, aka kuma kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba. Gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya.

A wannan hali tsohon babur ya samu wata daraja da ba a zata ba. Ɓarawon daji ba ya kwaɗayinsa, domin sabo mai ƙarfi yake nema. Mutanen gari kuma sun san muryarsa tun daga nesa, sun san na wane ne. Ya zama shaidar mai shi a lokacin da baƙon babur ke jawo zargi.

Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar naira da ta biyo baya suka ƙarasa juyin, har sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Matasa suka koma bayan rumbu suna janyo abin da iyayensu suka yar. Na ga yadda ake tayar da irin waɗannan: a zuba tsakuwa da kananzir a tanki a girgiza har tsatsa ta fita, a jiƙa fistan da ya kafe da mai na kwanaki kafin a motsa shi, a sauya wayoyin da ɓera ya ci, a bi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ana tonon tsofaffin ƙarafa. Abin da ya fi wuyar samu shi ne dattijon da zai kasa kunne ya faɗi inda ciwon yake, domin irinsu suna ta ƙarewa.

Darasin da ke bakin gulbi

Madatsar Bakolori da baburan Udoji sa'o'in juna ne. An tsara madatsar ta shayar da kadada kusan 23,000, mafi yawansu ta hanyar injunan feshi. Injunan suka tsaya saboda rashin kulawa da kayan gyara, magudanai suka cike da yashi da ciyawa, har sai da aka nemo rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING don farfaɗo da aikin. Ƙwararrun Turai ne suka gina ta da miliyoyin kuɗi, amma ba ta samu wanda zai shimfiɗa mata buhu ranar Asabar ba. Babur ɗin malamin ƙauye kuwa ya samu, shi ya sa ya kai jikoki makaranta.

Saboda haka nake ganin bai kamata wannan ilimi ya bi masu shi kabari ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talatar Mafara; ɗalibanta na sashen injiniya za su ƙaru idan suka zauna gaban tsofaffin makanikan Mafara da Bakura da Maradun, suka rubuta abin da ke kawunansu da harshen da suka san shi. Al'ummar da ta iya riƙe babur shekara 40 da reza da kwalin sukari ta riga ta mallaki tarbiyyar da ake buƙata don riƙe famfon unguwa, da rufin aji, da magudanar ruwan gona. Abin da ya rage shi ne ta ɗauki kayan jama'a da irin idon da take duban na zaurenta.