Zango a Hamada, Daga Zamanin Madugai Zuwa Zamanin Mota

Kalmar zango ma'ana biyu gare ta a bakin fataken da. Zango shi ne wurin da ayari yake sauka ya kwana, kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. In Bafatake ya ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango bakwai ne, ya gaya maka nisan hanya da yawan kwanakin da za ka yi a kanta a lokaci guda. Wasu daga cikin wuraren saukar nan sun girma sun zama unguwanni da garuruwa, shi ya sa har yau muke da Zangon Daura da Zangon Kataf, da kuma unguwannin Zango a Kumasi da Ankara. Amma a cikin hamada, inda zango ba ya zama gari, zaɓen wurin kwana ilmi ne da ake biyan kuskurensa da rai.

A ayarin Hausawa, jagaba ne a gaba don shi ya san hanya, madugu kuwa shi ke da kalmar ƙarshe a kan lokacin tashi da wurin sauka. Abin da yake nema a zango sananne ne: ruwa, da ciyawar dabbobi, da itacen wuta, da wurin da za a hango mai zuwa tun daga nesa. A hanyar Gwanja, inda ake zuwa sayen goro, akan sami waɗannan abubuwa kusan kowace rana. A hanyar gishiri ta Bilma lamarin daban ne.

Tsakanin duwatsun Abzin da Bilma akwai Tenere, rairayi na ɗaruruwan kilomita, ba ciyawa ba inuwa. Abzinawa sukan tashi bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi, zafi kuma ya fara sauka. Kowane raƙumi yana ɗauke da damman ciyawar da zai ci, ga itacen girki, ga salkunan ruwa. Akan ajiye wani kaso na ciyawar a kan hanya saboda dawowa, lokacin da kantun gishiri da dabino za su cinye wurin kaya. Da yake kowace rana da aka ƙara tana rage ruwa da ciyawa, ayarin yakan yi tafiya tun hantsi har cikin dare, ba a tsayawa ko don cin abinci, sai dai a dama gero da cuku da dabino a sha ana tafe. Su ma Abzinawa madugu suke kiran shugaban ayarinsu. Hutun gaske sai an isa Fashi ko Bilma, inda akwai ruwa da inuwar dabino. Ka'idar madugai ke nan a taƙaice: inda babu ruwa ratsawa ake yi, inda akwai ruwa da mutane nan ake kwance kaya.

Sabon shiga shi ne wanda wannan ka'ida ta fi karewa, kuma shi ne ya fi saurin karya ta. Labarin Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasashenmu suka sani da Abdulkarim, ya isa misali. A shekarar 1850 ya taso daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg. A watan Yuli, kusa da Gat, ya ga dutsen Idinen ya ce sai ya hau. Buzayen da ke tare da su suka ƙi raka shi, suka ce gidan aljanu ne. Ya tafi shi kaɗai da ɗan ruwa kaɗan, ya ɓata hanyar komawa zango, ruwansa ya ƙare, har ƙishi ya sa ya tsotsi jinin jikinsa. Washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi kwance, ya ba shi ruwa. Barth mutum ne mai ilmi ƙwarai, ya kuma riga ya zaga ƙasashen Larabawa kafin wannan tafiya, amma a hamada baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da yana da ido.

Bayan 'yan makonni, a ƙarshen daminar wannan shekara, suka sauka a kwarin Tintagoda da ke arewacin Abzin. Kwari a hamada yana da jan hankali, domin nan ne ake samun itatuwa da yashi mai laushi da kariya daga iska. Ruwan sama ya zuba a kan duwatsu, ya taru ya gangaro, busasshen kwari ya zama kogi yana tafe da itatuwa, sai da suka kwashe kaya suka koma tudu. Har yau direbobin Agadas ba sa son kafa zango a cikin ƙorama, ko da sama tana tas, saboda ruwan da zai cika ta yana iya zuba a wurin da ido ba ya kaiwa.

Zuwan mota ya sauya lissafin nan gaba ɗaya. A watan Disamba na 1922 motoci biyar na kamfanin Citroën suka tashi daga Tugurt a Aljeriya, suka isa Tambutu a farkon Janairun 1923, tafiyar da ba ta wuce mako uku ba. Ba da daɗewa ba wani Bafaranshe mai suna Georges Estienne ya buɗe hanyar mota ta hamadar Tanezruft, daga Reggan zuwa Gao, aka riƙa ajiye gangunan ƙarfe kowane kilomita 50 don su zama alama. Wurin ganga ta biyar, wanda ya shahara da sunan Bidon V, ya zama zango: aka kafa famfon man fetur, aka ajiye gangar jikin motocin safa biyu suka zama ɗakunan kwana. Babu rijiya a wurin, babu itace, duk ruwan da za a sha sai an kawo shi a mota. Tsohon madugu ba zai yarda ya kwance kaya a irin wannan wuri ba. Zango ne da ya dogara kacokan ga inji, muddin injin yana aiki.

Itaciyar Tenere ta nuna bambancin zamanan biyu. Itaciyar ƙaya ce guda ɗaya tilo a kan hanyar Bilma, ba wata a kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa. Lokacin da aka haƙa rijiya kusa da ita a tsakanin 1938 da 1939, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayari bayan ayari sun sauka a gefenta, da mutane masu bukatar itacen shayi da raƙuma masu yunwa, amma ba wanda ya sare ta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Daga ƙarshen shekarun 1970 wani sabon irin matafiyi ya shigo: mai zuwa hamada don ya more ta. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya sa sunan Tenere ya zaga duniya, Agadas ta cika da Turawa 'yan yawon buɗe ido a shekarun 1980, mutane irin su Mano Dayak suka kafa kamfanonin kai baƙi jeji. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren gado na duniya. Abin lura shi ne baƙin nan sun fi son kwana a tsakiyar tuddan rairayi, daidai wurin da ayari yake gaggawar wucewa. Abin da ya kare mafi yawansu shi ne jagororinsu 'ya'yan masu ayari ne, suka ɗauko dokokin raƙumi suka ɗora wa mota. Ana sauka da sauran rana, don a ga ƙasa a ga ramuka kafin duhu. Ana fakewa a bayan tudu daga iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas. Ana nisantar gindin ƙaya da tarin duwatsu saboda kunama da maciji, a kuma kakkaɓe takalmi da safe. Ba a kwana a bakin rijiya, don wurin na makiyaya ne da dabbobinsu, ga ƙuda ga kashin dabbobi. Motar tana tsayawa a ƙasa mai tauri, ba ta tafiya ita kaɗai. Da baƙin da ba su taɓa kwana a fili ba kuwa, akan fara da wurare irin su Timia, mai lambuna da ruwa da mutane, kafin a gwada su da rairayi. A can ne sabon shiga yake gane cewa a watan Disamba da Janairu sanyin dare ya fi zafin rana wahalar da mutum. Tawayen shekarun 1990, da wanda ya ɓarke a 2007, sun durƙusar da wannan sana'a, yau kuma mai nufin arewacin Agadas yana bukatar izinin hukuma, sau da yawa har da rakiyar soja.

Hanyar dai ba ta mutu ba, sabbin shiga ma ba su daina binta ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishi ya kashe su. Raƙumi yakan tilasta wa mai shi ya ƙirga rijiyoyi kafin ya tashi, domin tafiyarsa a hankali ce. Mota tana sa mutum ya ƙirga sa'o'i, ya ɗauki ruwan sa'o'in nan kawai, ranar da ta tsaya kuma sa'o'in su koma kwanaki.

Saboda haka duk wanda zai ɗauki iyali ko abokai da ba su san hamada ba, a Abzin ne ko a wata ƙasa, tambayar da madugu zai yi masa ba ta canza ba tun zamanin Barth: in motar ta ƙi tashi da safe, kwana nawa ruwanku zai kai ku, kuma ina ne rijiya ko mutane mafi kusa? Wurin da amsar ta kwantar da hankalin mafi rauni a cikin tafiyar, nan ne za a sauka. Inuwa da laushin yashi da kyan taurari duk suna biyo baya. Fatake sun ce sannu ba ta hana zuwa.