Titin Maxwell: Kasuwar Da Ta Raini Kiɗan Buluz

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda suka kalli fim ɗin nan na Amurka mai suna The Blues Brothers, wanda darakta John Landis ya fitar a 1980, to za ka tuna wata 'yar fitowa ta mintuna kaɗan. Kasuwa ce a tsakiyar titi, jama'a sun cika maƙil, ga wani dattijo baƙar fata yana kaɗa jita yana waƙa. Dattijon nan John Lee Hooker ne, mai busa a gefensa kuma Big Walter Horton. Wurin na gaske ne, ba a sutudiyo aka haɗa shi ba. Sunansa Titin Maxwell, a birnin Shikago. Shekara 14 bayan fitowar fim ɗin aka tashi kasuwar, kuma har gobe waɗanda suka san ta ba su daina begenta ba.

Kafin mu yi nisa, bari in faɗa maka abin da ake kira buluz. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Asalinsa mutum ɗaya ne da jitarsa, yana kukan abin da ya dame shi: bashin mai gona, ko matar da ta yi yaji, ko jirgin ƙasan da ya tafi da masoyi. To me ya kai kiɗan ƙauye tsakiyar kasuwar birni?

Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai ne suka kafa kasuwar tun wajejen 1880, hukumar birnin kuma ta amince da ita a 1912. Da yake Asabar ce ranar hutunsu, sai Lahadi ta zama babbar ranar ciniki. Gwanjo, tsofaffin takalma, kayan gyaran mota, tukwane, babu abin da babu. Masu kantuna har yara suke ajiyewa a bakin ƙofa, aikinsu su janyo hannun rigar mai wucewa su shigar da shi ciki. Mutanen Shikago suna da wata raha, wai idan aka sace maka murfin tayar mota ranar Asabar, ka je Maxwell ranar Lahadi ka saye abinka.

Daga wajejen 1916 baƙaƙen fata suka fara tururuwa daga kudu zuwa biranen arewa, suna gudun wariyar launin fata da wahalar gonar auduga. Zuwa 1970 kimanin mutum miliyan 6 ne suka yi wannan ƙaura. Jirgin ƙasan Illinois Central shi ne ke kwaso 'yan Misisifi ya sauke su a Shikago. Baƙon da ya sauka da jita a kafaɗa bai san kowa ba, babu mai gidan rawar da zai ɗauke shi. Amma kasuwa ba ta tambayar takarda. Ka sami gefen titi, ka ajiye hula ko kwali a gabanka, idan ka iya a jefa maka kwabbai, idan ba ka iya ba a wuce ka. Tun a 1925 wani makaɗi mai suna Papa Charlie Jackson ya yi faifan garmaho da ya sa wa suna Maxwell Street Blues.

Sai dai fa kasuwa tana da hayaniya. Mai talla yana ihu, mai wa'azi yana nasa, ga motoci. Jitar katako da ake ji tsaf a ƙofar bukka a Misisifi, a nan sai ka ga hannu yana motsi amma ba ka jin komai. Shi ya sa a shekarun 1940 makaɗan suka koma wa jitar lantarki da lasifika. Wuta kuwa, sai a ja doguwar waya daga wani kanti ko ta tagar wani gida, a ba mai wurin ɗan abin da ya samu. Masu kantunan ma ba su ƙi ba, domin inda kiɗa yake nan jama'a ke taruwa. Ba a Maxwell aka ƙirƙiro jitar lantarki ba, amma titin yana cikin wuraren da suka tilasta wa buluz ɗaga murya, har ya zama abin da duniya ta sani da sunan buluz ɗin Shikago.

Ɗauki misalin Little Walter, wani saurayi ɗan jihar Luwiziyana mai busa harmonika, wato ɗan ƙaramin abin busar nan da ake gogawa a leɓe. A titin nan ya yi ta busa yana neman na abinci. A 1947 wani mai shagon gyaran rediyo a Maxwell, Bernard Abrams, ya ɗauki muryarsa a ƙarƙashin ɗan kamfaninsa mai suna Ora-Nelle, kuma wannan ne faifansa na farko. Daga nan ya shiga ƙungiyar Muddy Waters. Walter ya shahara da dunƙule harmonika da makirufo a tafin hannu ɗaya, ya sa ɗan abin nan ya riƙa ruri kamar kakaki. A 1952 kiɗansa mai suna Juke ya yi mako 8 a matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan baƙaƙen fata na mujallar Billboard.

Ba kowa ne ya fita ya yi suna ba, kuma a gaskiya waɗanda suka zauna su ne kasuwar. Akwai Arvella Gray, makaho ɗan Teksas da ya rasa yatsu biyu, yana kaɗa jitar ƙarfe yana rera tsofaffin waƙoƙin leburori irin su John Henry. Akwai Jim Brewer, shi ma makaho, mai haɗa buluz da waƙoƙin coci. A lokacin ne kuma samarin Turawa suka kamu da son waƙoƙin gargajiya. An buɗe makarantar koyon irin wannan kiɗa ta Old Town a 1957, ɗaliban Jami'ar Shikago kuma suka fara bikin waƙoƙin gargajiya na shekara-shekara a 1961. Samari irin su Mike Bloomfield da Charlie Musselwhite sai suka gane cewa abin da suke nema a tsofaffin faya-fayai yana nan da ransa a bakin titi, kyauta. A birnin da unguwar baƙi daban ta farare daban, ba ƙaramin abu ba ne a ga an tsaya kafaɗa da kafaɗa ana sauraren makaho ɗaya.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu, mu 'yan kallo. A 1964 wani mai ɗaukar hoto, Mike Shea, ya kwashi kyamara ya yi Lahadi 16 yana zuwa kasuwar. Ya sa wa fim ɗin suna And This Is Free, ma'ana wannan kuma kyauta ne. Babu jarumi, babu mai ba da labari ta bayan fage. Masu talla ne kawai da masu wa'azi da makaɗa. A ciki za ka ga Robert Nighthawk yana jan ƙarfe a kan tsirkiyar jita, jama'a suna rawa a fili. Nighthawk ya mutu a 1967, kuma sautin da aka ɗauka a lokacin aikin fim ɗin ne ya zama faifan da aka fi tunawa da shi, wanda bai fito ba sai bayan shekara fiye da 10 da mutuwarsa.

Kwatanta wannan da Cadillac Records na 2008, fim mai tsada da ya ba da labarin kamfanin faifai na Chess, inda Beyoncé ta fito a matsayin mawaƙiya Etta James. Ya yi daɗin kallo, ban musa ba. Amma wanda ya tsaya a kansa zai ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti aka haifi kiɗan. Ko The Blues Brothers ɗin ma, Hooker da aka sa a gaba a Ditroyit ya yi suna. Horton da ke gefe shi ne ɗan titin.

Rushewar kasuwar ba rana ɗaya ta zo ba. A ƙarshen shekarun 1950 ginin babbar hanyar mota ta Dan Ryan ya cinye gabashinta. A 1965 Jami'ar Illinois ta buɗe harabarta a maƙwabta, ta yi ta faɗaɗa. A watan Agusta na 1994 hukumar birnin ta tashi kasuwar ta mayar da ita Titin Canal, sannan aka sake ɗaga ta zuwa wani titin a 2008. Aka rushe yawancin tsofaffin gine-ginen, aka yi ɗakunan ɗalibai da gidajen abinci. Wani makaɗi ɗan unguwar, Jimmie Lee Robinson, har yajin cin abinci na kwana 81 ya yi don a bar ragowar titin, amma bai hana ba. Ya mutu a 2002. A 2006 Phil Ranstrom ya fitar da fim ɗin tarihi mai suna Cheat You Fair, ya tattara bakin waɗanda suka rage.

Masu talla sun bi kasuwa duk inda aka kai ta. Abin da ya ƙi ɗaukuwa shi ne unguwar: tagar da ake jawo wuta, da maƙwabtan da suka san kowane makaɗi da sunansa. Wanda yake son ganin wannan a yau, sai dai ya nemi fim ɗin Shea, wanda aka sake fitarwa a faifan DVD a 2008. Don haka, mai karatu, idan kana da kyamara kuma akwai wani tsoho da ke kiɗa a kasuwar garinku, kada ka jira sai ka sami furodusa. Ranar kasuwa mai zuwa ka je ka ɗauke shi.