Gyaɗa da Fata: Tarihin Furotin a Masana'antun Kano

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar masana'antu ta Challawa da hantsi, hancinsa zai riga idonsa sanin inda ya shigo. Warin jima ne, na ɗanyar fata da farar ƙasa da gishiri. A Bompai kuwa, dattawan da suka yi aikin kamfani a shekarun 1960 ƙamshin gyaɗar da ake matsewa suke tunawa. Hajoji biyu ne suka ɗauki sunan Kano suka kai shi kasuwannin duniya a ƙarnin da ya wuce, fata da gyaɗa, kuma a idon masanin kimiyya abu guda ne ya haɗa su: furotin, sinadarin da muke kira mai gina jiki. Fata kusan zallar furotin ce idan an cire ruwa. Ƙwayar gyaɗa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne. Abin da wannan rubutu zai bi diddigi shi ne yadda garin da ya shekara ɗari yana sarrafa furotin yana sayarwa ya kasance a yankin da yara suka fi fama da ƙarancin abinci mai gina jiki a Najeriya.

Carbi mai duwatsu iri 20

A shekarar 1838 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, Gerardus Mulder, ya bayyana wani sinadari da ya samu a farin ƙwai da jini da alkama. Jacob Berzelius na Suwidin ne ya ba shi shawarar suna, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke sahun farko. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a gano ainihin siffarsa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar furotin ita ce a kwatanta shi da carbi. Duwatsun carbin su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke amfani da su. Jerin da aka zura su a zare shi ne matakin farko na ginin. Frederick Sanger na Jami'ar Kambirij ne ya fara karanta irin wannan jeri, inda ya kammala na insulin a 1955, mai duwatsu 51. Sai dai carbin ba ya zama a miƙe. Wasu sassansa suna murɗewa kamar igiya, wasu su jeru kamar saƙar tabarma, kamar yadda Linus Pauling da Robert Corey suka bayyana a 1951. Daga nan sai dukan zaren ya dunƙule ya ɗauki siffa guda tak da ta dace da aikinsa. Wani lokaci kuma dunƙule biyu ko huɗu su haɗu su yi aiki tare, kamar himogulobin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, wanda dunƙule huɗu ne.

Siffar ita ce aikin. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai dubban ire-iren furotin: enzayim masu narka abinci da hanzarta sauye-sauyen sinadarai, masu tsaron ƙofa da ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita, sojojin garkuwar jiki, da masu riƙe tsoka da ƙashi. Gidajen da ke da mai ciwon sikila sun san tsadar kuskure ɗaya a wannan jeri. A 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa dutse ɗaya ne ya sauya, na shida a ɗaya daga cikin zarurrukan himogulobin. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Matan da ke dafa abinci suna ganin wannan ilimi kullum a murhu. Farin ƙwai yana daskarewa a ruwan zafi saboda zafi ya warware dunƙulen furotin, zarurrukan suka sarƙe da juna. Madara tana zama kindirmo idan tsami ya shige ta. Mai awara tana zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya don furotin ya dunƙule ya rabu da ruwa.

Majema da igiya mai tufka uku

Furotin da ya fi kowane yawa a jikin mutum da dabba shi ne kolajin, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan furotin jiki. Shi ne ginshiƙin fata da jijiya da ƙashi. A 1954 da 1955 G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha a birnin Madras na Indiya suka nuna cewa kolajin zare uku ne da aka tufka su kamar igiyar rijiya, kuma kowane dutse na uku a jerin shi ne mafi ƙanƙanta cikin amino asid, wato gilaisin, wanda ƙanƙantarsa ke ba zarurrukan damar matsewa.

Majeman Kano sun daɗe da sanin halin wannan igiya ba tare da sun san sunanta ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da cinikin jemammiyar fata da takalma yana kaiwa har arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana ratsa Sahara, Turawa su saye ta a tashoshin arewa su kira ta fatar Maroko. Aikin da har yau ake yi a majemar Ƙofar Wambai mataki-mataki ne na sarrafa furotin. Toka tana kwance gashi, wanda shi wani furotin ne daban mai suna keratin. Kashin tsuntsaye yana ɗauke da enzayim da ke cinye sauran tarkacen furotin ya bar kolajin kaɗai, fata ta yi laushi. Sannan a jiƙa ta a ruwan bagaruwa, wadda sinadarinta mai bauri ke shiga tsakanin igiyoyin kolajin ya ɗaure su, har ƙwayoyin ruɓa su kasa cin su. Daga nan karan dafi ya ba ta jan launi, ta wuce hannun dukawa.

Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa wannan aikin suke yi da wasu kayan. Farar ƙasa da sinadarin salfaid sun maye gurbin toka, gishirin kuromiyam kuma ya maye gurbin bagaruwa, bisa dabarar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Ɗaurin kuromiyam ya fi ƙarfi. Ɗanyar fata tana takurewa idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 65, amma wadda aka jeme da kuromiyam tana jure tafasasshen ruwa, kuma ana gama jimar cikin kwana ɗaya maimakon makonni. Farashin wannan sauri shi ne gurɓataccen ruwan da ke ɗauke da kuromiyam da salfaid da gashi, wanda shekara da shekaru yake gangarawa kogin Challawa daga kudancin birni, da rafin Getsi da Jakara daga ɓangaren Bompai, inda manoman rani ke ban ruwa.

Majemi yana da abokin takara a kasuwar ƙiraga, wato mai sayen fata don ci. Ganda, wadda a kudu ake kira fomo, tana cinye ɗimbin fatun shanu kafin su kai kamfani. A nan ma sanin jerin duwatsun yana da amfani. Cikin amino asid 20, guda 9 jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Kolajin ba shi da ɗaya daga cikinsu, tiriftofan, kuma yana da ƙarancin wasu. Ganda tana da furotin, tana kuma da daɗi a miya, amma ba za ta tsaya wa yaro a matsayin nama ko ƙwai ko wake ba.

Mai ya tafi, tunkuza ta bi shi

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suke fata za ta cika taragun don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, tana gyara ƙasa, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Fatake da suka tara jari a cinikin goro na Gwanja suka shiga tsakani, mafi shahara cikinsu Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Buhunan da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa a kan lokaci su ne aka riƙa jerawa suka zama dalar gyaɗa.

Abin da Turai ke nema a gyaɗa mai ne. Tun 1902 Wilhelm Normann na Jamus ya gano yadda za a daskarar da man tsirrai, masana'antun majarin da sabulu suka buɗe baki. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Idan aka matse shi, abin da ya rage, wanda matanmu ke kira tunkuza su soya ya zama ƙuli-ƙuli, kusan rabinsa furotin ne. A Ingila da Holan wannan saura abincin shanun madara ya zama. Ko da aka kafa injinan matsar mai a Kano, irin su Nigerian Oil Mills na George Calil da na P. S. Mandrides, kuma Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko a birnin, tunkuzar inji haja ce ta fitarwa da ta abincin dabbobi. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, su ke yanka farashi, kuma da rarar kuɗin aka yi ayyuka da dama a Arewa. A shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Bincike ya gano gubar afulatoksin, wadda wani nau'in fumfuna ke samarwa a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, kuma daga baya aka tabbatar tana haddasa kansar hanta. Masu saye suka tsaurara sharuɗɗa. Sai farin 1972 zuwa 1974, sai cutar da ta kassara gonakin gyaɗa a 1975, sai kuɗin man fetur da ya janye hankalin gwamnati daga noma. Lokacin da Sharaɗa da Challawa ke tasowa daga shekarun 1970, dalar gyaɗa ta riga ta fara zama labari.

Ciwon yaron da aka yaye

A daidai shekarun da gyaɗa ke tashe a Kano, wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a asibitin yara a Akara. A 1933 ta bayyana wani ciwo na yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla: kumburin ƙafa da ciki, jan gashi, saɓulewar fata. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙane. Bayanin kumburin yana komawa ga furotin: idan albumin ya yi ƙaranci a jini, ruwa yana tsiyaya daga jijiyoyi ya taru a jiki.

Hukumomin duniya suka shafe shekarun 1950 da 1960 suna ganin ƙarancin furotin ne babbar matsalar ƙasashe matalauta. A 1974 Donald McLaren ya rubuta a mujallar Lancet cewa an zuzuta batun, domin yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Jikin da bai sami isasshen kuzari ba ƙona furotin yake yi a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi. Yau masana suna kallon tamowa a matsayin haɗuwar abubuwa: ƙarancin abinci, ƙarancin ingancin furotin, rashin sinadarai irin su zinki da ƙarfen jini, da yawan gudawa da zazzaɓi.

Maganin da ya sauya jinyar tamowa mai tsanani daga gyaɗa ya fito. A 1996 André Briend da Michel Lescanne a Faransa suka haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin, suka ƙulla a leda mai giram 92 da ake kira Plumpy'Nut. Ba ya buƙatar ruwa ko dafuwa, uwa tana iya ba ɗanta a gida. A yunwar Nijar ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, tsohuwar cibiyar gyaɗa ita ma. Gyaɗar da kakanni suka loda a jirgin ƙasa ta dawo wa jikoki a matsayin magani. Madarar da ke ciki ba ado ba ce: furotin gyaɗa yana da ƙarancin wasu daga cikin amino asid 9 ɗin nan, madara ce ke cike giɓin.

Abin da ke cikin kwano

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana buƙatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 50 ga mai kilo 60. Yaro mai girma da mace mai ciki ko shayarwa sun fi haka buƙata gwargwadon nauyinsu.

Gero da dawa da masara suna da ƙarancin amino asid ɗin da ake kira laisin. Wake yana da shi da yawa, amma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. In aka haɗa su sai su cike wa juna. Girkin Hausa ya daɗe da wannan haɗi: fura da nono, koko da ƙosai, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, daddawa a miyar kuka. Inda gizo ke saƙa shi ne kwanon yaron da aka yaye, wanda sau da yawa tsinkakken koko ne kawai a cikinsa, alhali ƙosai da ƙwai da nama suna tafiya kwanon manya ko tallan kasuwa. Cokali biyu na garin ƙuli-ƙuli ko na waken suya a cikin kunun yaro, daga gyaɗar da aka busar da kyau aka tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi, yana daga cikin gyara mafi araha da gida zai iya yi.

Sauran aikin na masu masana'antu ne da hukuma. Injinan matsar mai a Bompai da Sharaɗa har yanzu suna fitar da tunkuzar gyaɗa da ta waken suya, galibi zuwa gonakin kaji. Mayar da wani kaso nata abincin yara yana buƙatar ɗakin gwajin afulatoksin, da wutar lantarki mai ɗorewa, da manoman da aka koya wa busarwa da ajiya. Cibiyar IITA ta Ibadan ta riga ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar tun daga tushe, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin gyaɗa masu jure cutar da ta yi ɓarna a 1975. Kano ta taɓa tsara noma da sufuri da kasuwa don kai gyaɗa Libaful. Tsakanin Sharaɗa da ƙauyukan da ake jinyar tamowa tafiyar awa ɗaya ce ko biyu a mota.